Laima Uku, Katako Ɗaya

Mu goma sha ɗaya ne a kulob ɗin fasaha na makarantarmu, kuma dukanmu 'yan ajin ƙarshe. Al'adar makarantar ita ce duk waɗanda za su fita su bar wa na baya wani abu. Wasu sun sayi agogon bango, wasu sun dasa darbejiya. Mu kuwa abin da ya tsaya mana a rai shi ne randunan ruwan sha guda shida da ke jere a bayan azuzuwa. Iska ta yaye rumfar kwanon da ke kansu tun damina biyu da suka wuce, kuma da rana ta take sai ruwan ya yi ɗumi, ga ƙura da ganye suna faɗawa ciki. Muka ce inuwa za mu yi musu, wadda iska ba za ta ɗauke ba.

Da muka kai wa malaminmu na fasaha maganar, bai ce mana komai ba, sai ya ciro wayarsa ya nuna mana hoton wani gini. Rufinsa kamar fure ne mai kunnuwa takwas da aka kife a ƙasa. Ya ce gidan cin abinci ne mai suna Los Manantiales, a unguwar Xochimilco ta birnin Meziko, an gina shi a 1958, kuma faɗinsa daga baki zuwa baki ya haura mita 40, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

"To, ku cinka mini kaurin rufin nan," in ji shi.

Wani ya ce rabin mita. Wani ya ce kamu ɗaya. Malam ya ɗauko kwalin ashana ya ajiye a kan tebur, ya ce kaurin rufin santimita 4 ne, bai ma kai tsawon wannan kwali ba. Muka yi dariya don mun ɗauka wasa yake yi. Dukanmu mun taɓa ganin ana zuba dekin a unguwanninmu, mun san kaurinsa yakan kai santimita 15 ko fiye, ga rodi kamar an saƙa tabarma. Ta yaya kankare mai kaurin yatsu biyu zai rufe fili irin wannan?

Amsar tana cikin ƙwarya. Kaurinta bai taka kara ya karya ba, amma in ka kife ta a ƙasa ka danna bayanta da tafin hannu, ba ta lotsawa. Faifai kuwa, in ka ɗora bakinsa a kan duwatsu biyu ka danna tsakiya, nan take zai lanƙwashe. Dekin ɗan'uwan faifai ne: shimfiɗe yake, nauyi kullum ƙoƙarin lanƙwasa shi yake yi, don haka sai an ba shi kauri da rodi mai yawa. Rufin da ke da lanƙwasa ta fuska biyu, irin ta ƙwarya ko ɓawon ƙwai, nauyi yana bin jikinsa ne ya gangara zuwa inda ya dogara. Siffarsa ce ƙarfinsa. Kakanninmu ma sun san sirrin lanƙwasa. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da ke riƙe da rufin, ya san haka. Sai dai su da azara da laka suke ɗaure nasu, azarar kuma tana zama a cikin ginin har abada.

Kankare ba haka yake ba. Ɗanye yake zuwa, ba shi da siffar kansa, sai wadda aka ba shi. Dole a fara gina masa mazubi na katako, a zuba shi a kai, a jira ya yi ƙarfi, sannan a cire katakon. Wato sau biyu ake gina rufin: a gina shi da katako, a sake gina shi da siminti. Nan gizo ke saƙa, domin yanka katako ya bi lanƙwasa aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma sau da yawa kuɗin mazubin yakan fi na kankaren da za a zuba a kansa.

Wanda ya gina wancan gidan cin abinci, Félix Candela, ya yi suna ne saboda ya san hanyar kauce wa wannan. An haife shi a Madrid a 1910, yaƙin basasar Sifen ya kore shi, ya isa Meziko a 1939 yana ɗan gudun hijira. A 1950 ya kafa kamfanin gini mai suna Cubiertas Ala. Shi yake zana gini, shi yake lissafinsa, shi kuma yake karɓar kwangilar gina shi, don haka duk falankin da ya lalace daga aljihunsa ne. Siffar da ya fi amfani da ita tana kama da sirdin doki: ta ɗaga ta gaba da baya, ta sauka ta gefe biyu. Abin mamaki game da ita shi ne, duk da lanƙwasarta, ana iya haɗa ta da miƙaƙƙun layuka zalla.

Ku ma za ku iya gwadawa a gida, kamar yadda muka yi a aji. Ku sami kara huɗu masu tsawo ɗaya, ku ɗaure su a kusurwoyi su zama murabba'i. Ku ja zare daga kara ɗaya zuwa wanda ke fuskantarsa, layi goma, tazara ɗaya. Ku sake jan wasu goma su gitta na farko. Sai mutum ɗaya ya danne kusurwa uku a kan tebur, ku bar ta huɗu ta leƙo waje, ku ja ta ƙasa. Kowane zare yana nan a miƙe, amma fuskar da suka haɗa ta lanƙwashe. Duk inda zare ya bi, siririn falanki miƙaƙƙe zai iya bi. Kafinta ba ya bukatar yanka komai a karkace.

Hotunan Candela da suka fi yawo a duniya na coci-coci ne da wancan gidan cin abinci. Amma Malam ya ce abin da ya ciyar da kamfanin wani abu ne daban: laima. Ginshiƙi ɗaya a tsakiya, a kansa ɓangarori huɗu na wannan sirdi, bakinsu a sama, tsakiyarsu ta zurma, kamar laimar da iska ta juye. Ruwan sama yana taruwa a tsakiya ya bi bututun da aka binne a cikin ginshiƙin. Ya jera irin waɗannan laimomi ya rufe masana'antu da kasuwanni da ɗakunan ajiya a Meziko. Da yake duk girmansu ɗaya, in an gama wannan sai a sauke mazubin a matsa da shi gaba a zuba ta gaba, kamar yadda mai buga bulo yake fitar da bulo dubu da mazubi ɗaya.

Nan muka tsai da shawara: laima uku, kowace mita 2 a kan mita 2, randa biyu a ƙarƙashin kowace. Muka yi lissafi a allo. Fili mita murabba'i 4, kauri santimita 4, ya ba mu kankare mai nauyin kilo 384. Da dekin ne mai santimita 15, da ya kai kilo 1,440. Yayan ɗaya daga cikinmu injiniyan gine-gine ne, shi ya zana mana tushe da ginshiƙi, ya faɗi girman rodi da inda za a ƙara shi, ya kuma kafa sharaɗi cewa ba za a zuba komai ba sai ya zo ya duba da idonsa. Kuɗin da muka tara daga 'yan aji sun isa siminti da rodi da tsakuwa na laima uku, amma katako na laima ɗaya kawai za su saya. Wannan bai dame mu ba. Ai dama dabarar ke nan.

Akwai wani tsohon kafinta da ke gyaran kujerun makaranta, kowa Baba yake ce masa. Ranar da muka zube falankai a gaban shagonsa muna aune-aune, ya fito ya daɗe yana kallon zanenmu, sannan ya ce, "'Ya'yana, na ga ta inda zai shiga. Ta ina zai fita?"

Muka ce, "Baba, ai cire shi za mu yi in ya bushe."

Ya gyaɗa kai ya koma cikin shago. Mu kuwa muka kalli juna muna murmushi. Mun ga hotunan Meziko, mun san sirrin sirdi, me mai gyaran kujera zai koya mana?

Ranar Asabar, Baba ba ya nan, muka haɗa mazubin a jikin ginshiƙin farko. Tsoronmu ɗaya ne, kada ya motsa lokacin zubi. Don haka duk inda katako biyu suka haɗu sai mu narka masa ƙusa 'yar inci huɗu har kanta ya nutse. Muka haɗe ɓangarorin huɗu suka zama abu guda. Sandunan gora da za su tokare shi muka yanka su daidai wa daida, muka buga su da guduma har suka cije. Wani cikinmu ya hau ya yi tsalle a kai, ko gezau. Injiniya ya zo ya duba rodi da kauri, ya ce sun yi. Aikinsa ke nan. Katako namu ne.

Zubin ya tafi lafiya. Kwaɓin mai tauri muka yi don kada ya zame a gangare, da ƙananan tsakuwa, muna miƙa shi a kwanon sarki, birkila yana shafewa da cokali. Muka sa alama a jikin wata ƙusa daidai santimita 4, muna caka ta nan da can don auna kauri. A watan Maris ne, zafi ya fara, kuma siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so, domin da ruwa yake haɗuwa ya yi ƙarfi. Muka rufe shi da tsofaffin buhuna, muka raba wa kanmu kwanaki, safe da yamma ana yayyafa ruwa. Kankare yakan kai ƙarfin da ake lissafi da shi ne a kwana 28, amma injiniya ya ce ga ƙaramar laima irin tamu za a iya sauke katako a kwana 14.

Ranar ta zo, rabin makaranta suka taru kallo. Muka fara da sandunan gora, suka ƙi fita, domin nauyin rufin ya sauka a kansu ya ƙara cije su. Sai da muka sa zarto. Da sandunan suka fita, mazubin ya ƙi saukowa. Ruwan siminti ya tsiyaya tsakanin falankai ya riƙe su, busasshen katakon kuma ya sha ruwa ya manne da kankaren. Muka kawo dogon ƙarfe muna ɓanɓara. Can wani ɗan aji ɗaya da ke cikin 'yan kallo ya ce, "To ko ya sauko, ai ginshiƙin yana tsakiyarsa." Muka yi tsit. Mun yi wa ginshiƙi zobe, sama rufi, ƙasa tushe. Babu ta inda zai fita sai an farfasa shi.

Kwana biyu muka yi muna farfasawa. Fiye da rabin falankan suka tsage wajen zare ƙusoshin da muka nutsar da hannunmu. Ƙarfen ɓanɓara ya gutsure bakin laimar a kusurwa ɗaya. Laimar dai ta tsaya, kyakkyawa, siririya, amma ba wanda ya yi murna a cikinmu. Ga ginshiƙai biyu tsirara suna jiran rufi, ga buhunan siminti a ajiye, babu katako, babu kuɗi, kuma jarrabawar WAEC tana ƙaratowa. Kuɗin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Akwai waɗanda suka hana kansu abincin tara suka ba mu.

Malam bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi, "Kun san inda za ku je."

Muka je shagon Baba muka durƙusa. Shugaban kulob ya ce, "Baba, a yi haƙuri. An yi mana tambaya ba mu gane ba."

Ya ce, "Ku tashi, 'ya'yana. Ni ma da katakon wani na koya. Kujera ake yi wa ƙusa ta zauna har abada. Katakon zubi baƙo ne, kwana zai yi ya tafi. Wanda zai sauki baƙo kuwa ba ya toshe ƙofa."

Da izinin shugaban makaranta ya buɗe mana ɗakin da ake tara karyayyun bencina. Mako guda muka yi muna zare ƙusoshi, muna miƙar da su, muna tsaga katako zuwa sirara masu faɗin santimita 5. Sannan ya sa muka sake ginin mazubin daga farko, amma wannan karon sai da muka zauna muka faɗi yadda za a cire kowane yanki kafin a yarda a haɗa shi.

Ga abin da ya canja. Maimakon abu guda, muka yi ɓangarori huɗu masu zaman kansu, kowane mita 1 a kan mita 1, kusurwarsa ta wajen ginshiƙi ta sauka da santimita 30, kuma mutum biyu za su iya ɗaukarsa. Ba ƙusa ke haɗa su ba, notuna ne da ake kwancewa da sufana. Tsakanin kowane ɓangare da maƙwabcinsa muka bar 'yar tazara muka cike ta da siririn falanki guda, wanda shi za a fara zarewa don sauran su sami wurin motsi. Sandunan tokara muka rage musu tsawo, a ƙarƙashin kowace muka sa weji biyu suna fuskantar juna, irin wanda yaran mota ke sa wa taya: in ka buga su ciki sanda ta ɗaga, in ka buga su waje ta sauka. Duk ƙusar wucin gadi muka bar kanta a waje yadda hama za ta kama. Muka rubuta lamba da fenti a jikin kowane yanki. A wuraren gini baƙin mai ake shafa wa katako don kada ya manne, amma Baba ya ce ba a kan ruwan sha ba, sai muka shimfiɗa leda muka ja ta sosai.

Ranar sauke laima ta biyu ba mu gayyaci kowa ba. Injiniya ya ce a fara sassautawa daga baki a nufo ginshiƙi, domin laima da tsakiyarta take tsaye; in aka fara cire na ciki, nauyin zai koma kan sandunan baki, inda rufin bai shirya ɗaukarsa ba. Muka zagaya muna bubbuga weji kaɗan-kaɗan, ba wanda aka cire gaba ɗaya. A zagaye na uku sai muka ji wata 'yar ƙara kamar an ɓare gyaɗa, haske ya bayyana tsakanin katako da kankare. Muka zare siraran falankan nan huɗu, muka kwance notuna, ɓangarorin suka sauko ɗaya bayan ɗaya a hannunmu. Ba mu kai awa guda ba. Ko tsinke bai karye ba. Baba ya shafa cikin rufin da tafinsa, ya ce a kankare katakon a jingine shi a inuwa kada rana ta murɗe shi.

Ta uku kuwa, a yammaci ɗaya muka kafa mazubinta, muna bin lambobi.

Sai a lokacin muka fahimci abin da Malam yake nufi da cewa laima ce ta ciyar da Candela. Siririn rufi yana rage siminti da rodi, amma yana cin aikin hannu. In mazubi sau ɗaya zai yi aiki, duk abin da ka rage a siminti ka mayar da shi a katako da ladan kafinta. In zai yi sau goma, kuɗinsa ya rabu gida goma. Shi ya sa da kuɗin ƙwadago suka tashi a Meziko a shekarun 1960, irin waɗannan gine-gine suka ja baya, shi kansa Candela ya koma koyarwa a Amurka, inda ya rasu a 1997. A Siwizalan, inda lada ke da tsada tun asali, wani injiniya mai suna Heinz Isler ya ci gaba da gina siraran rufuna shekaru da yawa, kuma ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce ya riƙa maimaita girma iri ɗaya, yana ajiye lanƙwasassun katakansa daga wannan aiki zuwa wancan.

Akwai wani tsohon hoto na Candela tsaye a kan laimar gwaji tare da ma'aikatansa fiye da ashirin. Mun so mu yi irinsa, Malam ya hana. Buhunan yashi injiniya ya sa aka ɗora, aka bar su kwana guda, ya auna ko baki ya sauka, sannan ya yarda a mayar da randuna. Muna roƙon duk wanda wannan labari ya ba sha'awa ya riƙe wannan: kara da zare naku ne, ƙaramin gwaji a ƙasa naku ne, amma duk rufin da mutum zai tsaya a ƙarƙashinsa sai da injiniya. Kilo 384 ba abin wasa ba ne in ya faɗo a kan yaro.

Mun gama saura kwana tara a fara jarrabawa. Birkila ya ce zai shafe mana gutsurarren bakin laimar farko da siminti ba wanda zai gane, muka ce a bar shi haka. Ruwan farko da ya sauka, muka fito da gudu daga aji muka ga yana bin bututun cikin ginshiƙi yana fita ta ƙasa zuwa gindin darbejiyar da waɗanda suka gabace mu suka dasa.

A taron bankwana an gode mana saboda inuwar randuna. Amma a shagon Baba, jingine da bango, akwai ɓangarori huɗu na katako masu lambobi, da gwangwanin notuna, da weji goma sha shida a cikin buhu, da littafin da muka rubuta matakan haɗawa da na kwancewa. 'Yan aji biyar sun riga sun zo sun auna su, wai rumfar kekuna suke so su yi baɗi. A shafin farko na littafin, kafin kowane zane, mun rubuta musu tambayar da Baba ya yi mana: ta ina zai fita?